Shagon kayan haɗi a Shari' Mansur: haɗi daban, gauraye daban, algus daban

A ɗaya daga cikin lungunan da ke ɓullewa daga Shari' Mansur a Makka, inda Hausa ke tashi daga bakin mai shayi da mai tsire kamar a Fagge ake, akwai wani shagon kayan yaji da turare irin wanda Larabawa ke kira aɗɗara. Ba shi da girma. Buhuna ne a jere a hannun dama, injin niƙa biyu a ƙurya, kantar gilashi ta turare a hagu, sai ma'aunin lantarki a kan tebur. Kusan duk abin da ake sayarwa a ciki haɗaɗɗe ne, kuma idan ka nema a gabanka za a haɗa. Kowace kwalba an liƙa mata takarda, Larabci a sama, Hausa a ƙasa. Wannan takarda ita ce alherin shagon, ita ce kuma babban aibinsa. Larabcin ya rarrabe kalmomi har shida: khalɗa, mushakkal, makhluɗ, mukhallaɗ, mukhaffaf da ma'ajun. Hausar kuwa ta tattara su gaba ɗaya ta ce "haɗi". Wanda Hausar kaɗai yake karantawa, musamman alhajin da ya zo Umara zai koma da tsaraba, yana iya biyan kuɗin abu ɗaya ya tafi da wani.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin ba. A fagen haɗe-haɗe ma ta fi Larabcin kasuwa yawan rarrabewa, domin kowane motsin hannu a madafa da sunansa.

A fara da haɗi ɗin kansa. Haɗawa ita ce kawo abubuwa wuri ɗaya da niyya da kuma awo. Haɗi yana da mai shi, yana da ƙa'ida, shi ya sa ake cewa haɗin wance ya fi na wance. Wannan shi ne khalɗa daidai wa daida. Gaurayawa kuwa aikin hannu ne da ke biyo baya: a juya har kowane ɗan tsunkule da ka ɗiba ya zama ɗaya da ɗan'uwansa. Ana iya haɗawa ba a gauraya ba. Shinkafa da miya haɗi ne, miyar ce mahaɗin shinkafar, amma kowacce tana gefenta a faranti. In aka zuba su tukunya ɗaya tun farko, sunan ya koma dafa-duka. Garwaya ita ce gauraya, bambancin kari ne kawai. Cakuɗa kuwa tana da ɗan ƙyama a jikinta. Ba a cewa an cakuɗa yaji idan ana yabon mai shi. Ana cewa kaya sun cakuɗe a jaka, lissafi ya cakuɗe, jama'a sun cakuɗu a ƙofar masallaci. Abin da ya cakuɗe ya rasa tsari, kuma sau da yawa ba da son mai shi ba. Hautsinawa da yamutsawa sun fi ta muni, su har da ɓarna a ciki.

Yajin tsire shi ne abin da ya fi kawo mutane shagon, kuma ya cancanta. Mutanen Hijaz sun daɗe da karɓar tsire, suna kiransa siriye, don haka ba Hausawa kaɗai ke sayen yajin ba. Iri biyu ake samu: wanda aka riga aka haɗa aka ƙulla a leda, da wanda za a haɗa maka. Na ledar ba laifi, sai dai ƙuli da gishiri sun rinjaye shi, ƙamshin kimba kuwa sai ka nema. Na biyun shi ne ainihin aikin shagon. Awon da ke fitar da kilo ɗaya mai kyau shi ne ƙuli-ƙuli giram 600, barkono 120, citta 100, gishiri 50, dunƙulen ɗanɗano 50, masoro 30, kimba 20, busasshiyar tafarnuwa 20, kanumfari 10. Mai gudun zafi ya rage barkonon zuwa 60, ya cike gurbin da busasshen tattasai, launi zai fito ba tare da raɗaɗi ba. Kanumfari kada ya haura wannan awo, domin yana danne kowa kuma yana sa harshe ya yi nauyi.

A nan ne bambancin haɗawa da gaurayawa ke zama kuɗi a aljihu. Idan ka ce wa yaron injin "haɗa mini", zai zuba komai a inji lokaci ɗaya ya kunna. Inji yana ɗaukar zafi, ƙuli kuwa komai matsar da aka yi masa akwai sauran mai a jikinsa. Zafin zai fito da man, garin ya dunƙule, citta da kimba su ƙi niƙuwa su bar zare-zare. Yajin da aka yi haka, a zafin Makka da ke haura digiri 40 da bazara, ba ya daɗewa sai ya fara warin tsohon mai da maƙaƙi a wuya. Abin da ya kamata a faɗa shi ne: "Alhaji, a auna mini kowanne daban, a niƙa busassun tukuna, a tankaɗe, a daka ƙulin shi kaɗai, sannan a gauraya da hannu." Dattijon da ke kan ma'auni yana gane wannan magana nan take, kuma yana yi ba tare da ƙorafi ba. Idan ma'aikacin da ba ya jin Hausa ka tarar, kalmar ita ce "kull wahid lihalu", wato kowanne shi kaɗai. Gaurayawar ma tana da ƙa'ida. Gishiri ya fi sauran nauyi, yana sulalewa ƙasan roba, shi ya sa cokalin farko kan zo salam, na ƙarshe kuma ya zo da gishiri kamar an yi ɓari. A niƙe gishirin ya yi laushi, a fara gauraya shi da barkono, sannan a riƙa ƙara ƙulin kashi-kashi har sau uku. Ƙulin nasu busasshe ne, yana karyewa da ƙara, ba alamar fumfuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gyaɗar da ta sha danshi tana haifar da guba mai cutar da hanta, kuma niƙa ba ta kashe ta. Wake ɗaya ke ɓata gari, a yaji kuwa ƙuli ɗaya mai fumfuna ya isa.

Injinan biyu an ce ɗaya na gahawa ne, ɗaya na yaji. A ranakun da ba cunkoso ana kiyaye wannan. Da yamma bayan la'asar, ko a goman ƙarshe na azumi, yaran kan zuba duk abin da ya zo a duk injin da ya samu sarari. Sakamakon shi ne gahawa mai ɗan yajin barkono, ko garin kirfa mai ƙamshin ƙuli. Wannan cakuɗa ce, ba haɗi ba, kuma ga mai rashin lafiyar da gyaɗa ke tayar masa, hatsari ne na gaske. Maganin cakuɗar ƙamshin, ban da rashin lafiyar, mai sauƙi ne: a nemi su niƙa shinkafa tafi ɗaya a zubar kafin a zuba naka. Suna yi in an nema, ba sa yi in an yi shiru.

Gahawar tasu tana da kyau, amma takardarta ce ta fi kowacce ɓatarwa. Tun 2022, shekarar da aka keɓe wa gahawar Saudiyya, sunan da ake sa mata a hukumance shi ne "gahawar Saudiyya", kuma shagon yana da ƙwayar Harar ta Habasha da Khaulani ta tsaunukan Jazan, duka an soya su sama-sama yadda ake so, launinsu kamar na alkama. Kwalabe uku ne a jere. Ta farko an rubuta sada, wato zalla, ba komai a ciki. Ta biyu makhluɗa bil hel, wato an riga an gauraye ta da hel, ƙwayar ƙamshin nan da Turawa ke kira cardamom. Ta uku khalɗat al-gahwa, wadda babu gahawa a cikinta ko kaɗan: kayan ƙamshi ne zalla, hel da kanumfari da za'afaran da ɗan citta, wasu har da garin madara. Ta biyu da ta uku duka Hausar ta ce musu "haɗin gahawa". Wanda ya sayi ta uku ya kai gida ya dafa, ruwan kayan ƙamshi zai sha. Da an rubuta "gaurayayyiyar gahawa" a ta biyu, "mahaɗin gahawa" a ta uku, da ba wanda zai ruɗe, tun da kowane Bahaushe ya san mahaɗi ba shi ne gundarin abin ba.

Shawarar da ta fi ita ce a sayi zallar da mahaɗin daban-daban. Gahawa tana son wuta, hel ba ya so. Ruwa lita ɗaya, gahawa babban cokali uku, a bar ta kan ƙaramar wuta minti 10 zuwa 15, a sauke ta kwanta, sannan a tace a kan hel cokali ɗaya da silin za'afaran kaɗan a cikin dalla, wato butar gahawa, ko fulas. Wadda aka riga aka gauraye tana tilasta maka dafa hel ɗin tsawon wannan lokaci, ƙamshinsa ya bi tururi, ɗacinsa ya zauna. Ban da haka, niƙaƙƙen hel yana sallacewa cikin 'yan makonni, kuma a cikin gari ba ka iya gane yawan ɓawon da aka niƙa tare da ƙwayar.

Mushakkal kuwa ba gauraye ba ne sam, ko da yake a nan ne masu fassara suka fi zamewa. Abu mushakkal shi ne wanda aka tara iri-iri amma kowanne yana nan da kamanninsa, kana iya tsince shi da yatsa. Gasasshen nama mushakkal a gidan abinci faranti ne mai kaza da kabab da tsoka, kowanne a gefensa. Hausarsa "iri-iri" ko "kala-kala". Asalin kalmar ɗaya ne da mushkila, wadda Hausa ta ara tuntuni, amma ma'anarsu ta rabu, kada sabon zuwa ya ji an ce mushakkal ya zaci matsala ake nufi. Mukassarat mushakkala na shagon, wato su fustuƙ (pistachio) da lauz (almond) da kashu da gyaɗa, hawa biyu ne. Na saman an auna shi, kowane iri da kasonsa, kuma suya ɗaya ce. Na ƙasan shi ne abin da Hausa ke kira hatsin bara. Almajiri in ya zaga gidaje, wannan ta ba shi gero, waccan dawa, wata masara, duk a ƙoƙo ɗaya, ba wanda ya auna, ba wanda ya zaɓa. Daga nan aka ari kalmar ga duk tarin da ya fito daga wurare barkatai, ko littafi ne ko taron mutane. Ƙaramin hawan nan ragowar buhuna ne ake juyewa wuri ɗaya: wani mai gishiri, wani marar gishiri, wani sabon suya, wani ya yi sanyi, gyaɗa kuma ta fi rabi. Ba algus ba ne, tun da kana gani da idonka kuma farashinsa ƙasa yake. Amma bai dace da tsaraba ba, domin wanda ya yi sanyi yana ba sauran danshi kafin a isa gida. A ɗebi tafi ɗaya a baza a kan takarda a ƙirga, minti ɗaya ya isa a rarrabe aya da tsakuwa.

Ɓangaren lalle shi ne inda kalmomin ruwa ke shigowa, kuma a nan Hausa ta yi wa kowa fintinkau. Kwaɓawa ita ce zuba ruwa kaɗan a gari har ya zama abu mai kauri da ke tsayawa a cokali. Damawa ruwanta ya fi yawa, ana yi har abin ya zama na sha ko na zubawa, kamar fura da kunu. Cuɗawa da tafin hannu ake yi, a danna a naɗe, kamar kwaɓin burodi. Tuƙawa sai a kan wuta da muciya. Kaɗawa da burgawa na miyar kuka ne da nono, da maburgi. Kwaɗawa kuwa an fi yi wa ganye, zogale ko rama da ƙuli. Larabcin takardar ya ce ma'ajun, wato kwaɓaɓɓe, Hausar ta ce "haɗin lalle". Matan da suka saba suna cewa "Malam, kwaɓaɓɓen nake so" ko "garin nake so", magana ta ƙare. Garin nasu kore ne shar, an tankaɗe shi da kyau, ba ya toshe bakin leda wajen zane. Giram 100 yana ɗaukar ruwa wajen kofin shayi ɗaya da rabi, amma kada a zuba gaba ɗaya. A zuba kashi biyu cikin uku, a kwaɓa, a sa sukari ƙaramin cokali biyu don ya kama fata, da ɗigon mahallabiya, a rufe a bar shi wasu sa'o'i ya saki launi, sannan a daidaita kaurin da sauran ruwan. Lalle yana ƙara sakin jiki bayan ya kwanta. Wadda ta zuba ruwan duka tun farko za ta tarar da shi ya tsinke, zane ya baje, kuma ƙara gari a lokacin yana kawo gudaji. Daga irin wannan ne aka samo "kwaɓarsa ta yi ruwa", wato shirin da mutum ya ƙulla ya lalace ta yadda gyara ke da wuya. Damu ma ya ba da nasa: wanda "ake damawa da shi" yana cikin masu faɗa a ji, wanda aka ce masa "yadda ka dama haka za ka sha" kuwa an bar shi da sakamakon aikinsa. Cuɗa ta haifi cuɗanya da cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, duka na zaman tare. Abin lura, kalmomin da hannu ke shiga ciki sosai su ne suka koma maganar zumunci.

Kwaɓaɓɓen lallen da ke cikin firij ɗinsu ja ne na asali, ana iya saya in za a yi amfani da shi a kwana ɗaya ko biyu. Baƙin lalle na kwali da ke gefensa kuwa a bar shi. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Abin da ke baƙanta shi cikin minti kaɗan sinadarin rinin gashi ne, kuma yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje masu ruwa, tabon ya zauna da siffar zanen. Rubuta wa wannan "haɗi" daidai da na asali kuskure ne da ya kamata shagon ya gyara kafin komai.

A kantar turare kalmomi biyu ne ke kama da juna a rubuce, su kuma sha bamban a hanci: mukhallaɗ da mukhaffaf. Mukhallaɗ haɗi ne na gaske, man oud da wardin Ɗa'if da miski da ambar, wani lokaci da za'afaran, kowanne da awonsa, a bar su su kwanta tare. Mukhaffaf kuwa surki ne. Surkawa a Hausa ita ce rage ƙarfin abu da wani abu mai rauni: a surka ruwan zafi da na sanyi, a surka nono da ruwa. Surki ba laifi ba ne in an faɗa. Man oud zalla yana da kauri da tsada, mutane da yawa ma sun fi son surkakken don ya fi sauƙin shafawa. Laifin shi ne a sayar da surki da kuɗin tsantsa. A nan shagon ya yi abin yabo, domin Larabcin takardar yana faɗin gaskiya, kuma in ka tambayi mai kantar da Hausa "wannan tsantsa ne ko an surka?" zai gaya maka, har da kashi nawa. Ana sayarwa da tola, kwalbar da ke ɗaukar mililita 12, da rabinta, da rubu'inta mai mililita 3. A fara da rubu'i. A shafa a bayan hannu a fita waje a yi awa ɗaya, domin a cikin shagon hanci ya riga ya cika. Haɗi mai kyau yana sauya fuska a hankali, wardi ya fara, oud ya biyo. Surki mai yawa kuwa yana tashi da ƙarfi ya mutu da wuri, ya bar maiƙo kawai.

Tsarmawa 'yar'uwar surki ce amma ba ita ba ce. Tsarmawa jefa abu kaɗan-kaɗan ne nan da can a cikin wani, kamar yadda Hausar 'yan Makka ke tsarma Larabci, a ji "yalla" da "khalas" a tsakiyar zance. Kalmar khalas ɗin nan ma tana da 'yar'uwa da ya kamata mai saye ya riƙe: khalis, wato tsantsa, kamar yadda aya ta 66 ta Suratun Nahli ta siffanta nono. A tushen kalma, harafi ɗaya ne tsakaninta da khaliɗ, wato gauraye. A rubutun hannu na gaggawa a jikin kwalba, sadi da ɗa suna iya rikita wanda bai ƙware ba, ma'anarsu kuwa gabas da yamma.

Turaren wutarsu da humra matan unguwa ne ke kawowa, hannun Barno da Sudan a bayyane yake, ga sandal ga kajiji ga farce. Humrar ta kwanta sosai, ba ƙarnin farce, alamar an wanke shi an soya yadda ya kamata. Turaren wutan kuwa sukarinsa ya ɗan yi yawa. Sukari shi ke riƙe turare a jikin itace, amma in ya zarce, ƙaurin ƙonannen sukari ke biyo bayan ƙamshin. A sa shi a kan garwashin da ya yi toka a sama, ba mai jan wuta ba.

Akwai abubuwa biyu da shagon ya ƙirƙira da kansa, kuma sun nuna bambancin wasu kalmomi biyu. Na farko kayan shayi ne: citta da kanumfari da masoro irin na gida, da hel da busasshen habaƙ, ganye mai ƙamshi dangin na'ana'a, irin na Madina. Wannan ruwa biyu ne a ma'ana mai kyau, ya ɗauko nan ya ɗauko can kuma ya zauna daram. Ruwa biyu asalinta maganar mutum ce, wanda iyayensa suka fito daga al'umma biyu, kuma Makka cike take da su. Ba zagi ba ce, saɓanin barbarar yanyawa, wadda cin mutunci ce da bai kamata a jefi kowa da ita ba. Na biyun kuwa kayan kabsa ne, wato dafa-dukar shinkafa da nama ta Saudiyya, da aka sa wa daddawa da kimba, wai don shinkafar ta yi ɗanɗanon gida. Wannan gamin gambiza ne, haɗa abubuwan da ba su dace da juna ba. Kayan kabsa sun ginu a kan zaƙin kirfa da hel da tsamin lumi, busasshen lemon tsamin nan. Daddawa kuwa tana son barkono da manja ko man gyaɗa. In suka haɗu, lumi yana fito da warin daddawa maimakon ɗanɗanonta, kirfa kuma ta koma kamar magani. Kowanne shi kaɗai yana da kyau a shagon. Kayan kabsar zalla ma suna cikin mafi kyau a yankin, ana jin lumi da kuzbara (coriander) a fili, kurkum bai yi yawa ba.

Sai algus, kalmar da ta fi kowacce nauyi. Daga Larabci Hausa ta aro ta, al-gish, kuma a jikin kaya ana cewa magshush. Bambancinta da duk na baya ba a hannu yake ba, a ɓoyewa yake. Surkin da aka faɗa surki ne, wanda aka ɓoye ya zama algus. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa shi ne asalin hukuncin, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Za'afaran shi ne wurin gwada kowane shago. A jefa sili uku a ruwan sanyi: na gaske yana sakin ruwan ɗorawa a hankali, silin kuma ya ci gaba da zama ja, in ka murza shi bai narke ba. Na rini yana sakin ja nan take, silin ya koɗe. Na wannan shago ya tsallake gwajin, kuma usfur, furen da ake yawan sayarwa a madadin za'afaran, an ajiye shi a kwalbarsa da sunansa. Inda ya kamata a yi hattara shi ne kwalaben zuma masu haɗi da ake kawo musu daga waje. Zumar da aka sa wa habbatus sauda ko garin citta ba a iya gane asalinta da ɗanɗano, mahaɗin ya rufe komai. Waɗanda ake tallatawa don ƙarfin maza kuwa, hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha gargaɗi a kan irinsu saboda maganin asibiti da ake ɓoyewa a ciki, abin da ke da hatsari ga mai ciwon zuciya. A sayi zuma zalla, a sayi habba daban, a haɗa a gida. Wanda ya ci karo da algus a ko'ina yana iya kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ta lambar 1900, kuma fatura, wato rasit, ce hujjarsa, don haka a karɓe ta. Shagon yana bayarwa, da harajin kashi 15 a rubuce, kuma ana biya da katin banki na mada ko tsabar riyal.

Lokacin da ya fi dacewa a je shi ne da hantsi, kafin azahar, lokacin da dattijon ke kan ma'auni da kansa kuma injinan ba su ɗauki zafi ba. Mai tafiya gida ya nemi a rufe masa yaji da injin liƙe leda, ninki biyu, a bar shi ya huce tukuna, domin garin da aka ƙulle da ɗuminsa yana yin gumi ya dunƙule. Turaren mai da ya haura mililita 100 ba ya shiga jakar hannu a jirgi. Kuma kada yaji da turare da gahawa su kwana a jaka ɗaya: gahawa tana zuƙar duk ƙamshin da ke kusa da ita, leda ɗaya ba ta hana ta.